Hanyar da Za Ta Ci Zaurenmu

Masu karatu, sallama irin ta Musulunci a gare ku, na kusa da na nesa. Sunana Sauda, ɗiyar Barmo mai tabarmi. A Madawa aka haife ni, a can kuma abin nan ya same ni ina budurwa, shekarun da gudoro, wato titin kwalta, ya riga ya ratsa gari, manyan motoci suka fara kwana a tasha. Ku gyara zama, ba zan ɓoye muku komai ba.

Unguwarmu a bayan tasha take. Da can lunguna ne masu murɗiya kamar hanjin akuya, in jaki ya shigo da kaya sai mutum ya manne da katanga ya ba shi hanya. Amma tun da aka zuba gudoro unguwa ta fara sake fata. Wani ɗan kasuwar albasa ya sayi kangon da muke gaɗa a ciki, ya tayar da gidan siminti mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Aka kawo injin niƙa, matan da suka saba tashi daka suka koma jera kwanoni a ƙofarsa suna hira. Aka kafa famfo a bakin masallaci. Butik-butik, ƙananan shaguna masu rufin kwano, suka fito kamar an shuka su, wannan na sukari da shayi da batir, wancan na tela, na gaba na mai gyaran rediyo wanda ba ya kashe kiɗa sai an kira salla.

A tsakiyar wannan duka zaurenmu yake, na ƙasa, babba, kakana ne ya gina shi. A nan Baba yake sana'arsa. Matan ƙauye, tun daga wajen Galma, suna kawo masa tabarmin kaba, farare da masu jan baki, ya jingine su a bango har rufi. Direbobi da aparantinsu, wato yaran mota, su ne manyan masu saye. Suna fitowa daga tasha zaurenmu suke fara gani. Abin da muke ci daga wannan zauren yake fitowa.

Daidai ƙofarmu, tsallaken lungu, gidan Inna Biba ne. Ɗaki biyu da 'yar rumfa inda take suyar masa, shi ke nan gidan. Ina cikin zanen goyo mahaifiyata ta rasu, Inna Biba kuwa tana shayar da ɗanta a lokacin, sai ta haɗa mu biyu a ƙirjinta. Mijinta ya mutu daga baya, ɗan nata ya tafi ci-rani kurmi tun yana saurayi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ni ce ta rage mata. Kullum da safe, in na gama shara, can nake tsallakawa in taya ta juya masa.

A gidanmu kuwa Gwaggo Fatsima ce ke riƙe da mu, yayar Baba ce, ta dawo gida bayan mutuwar mijinta. Mace ce mai kirki, amma Allah ya ba ta murya. In Gwaggo ta ce za ta yi miki raɗa, to mai gyaran rediyo ma ya ji.

A rumfar Inna Biba na fara ganin Alƙasim. Dogo ne, baƙi, ɗan garin Buza, kullum cikin rigar kaki mai aljihu biyu da hular saƙa wadda rana ta cinye launinta. Yana aiki da masu awon filaye, shi ke jan sarƙar awo, shi ke buga turaku. Kullum sai ya zo ya ci masa da miya kafin ya wuce aiki. Bai taɓa ce mini komai ba sai “sannu da aiki”. Wata safiya bayan ya tafi, Inna Biba ta ce, tana zuba ƙullu a tanda ba ta ko dube ni ba:

“Ɗan Buza ya ce masar da kika juya ta hi daɗi.”

“Inna, ai ƙullu ɗaya ne.”

“Haka nic ce mishi. Ya ce a'a.”

Ku 'yan yanzu kuna da waya a tafin hannu. Mu Inna Biba ce wayarmu. Da safe ya bar saƙo, da hantsi in karɓa, in bar amsa, washegari ya same ta tare da masarsa. “Ya ce jiya bai gan ki ba, ko lahiya?” “Ki ce mishi kitso nit tahi.” “Ya ce wane launi kike so?” Kwana kaɗan sai ga kallabi ruwan ganye a ƙunshe cikin takarda, da kwalbar turare, da sabulu mai ƙamshi wanda na ɓoye a ƙasan akwati na ƙi wanka da shi. Kuma na tabbata Inna tana ƙara wa saƙonnin gishiri, don Alƙasim da na sani daga baya ba mai yawan magana ba ne.

Ba a daɗe ba ya fara zuwa zance bayan la'asar, muna tsayawa a gefen zaure. Sannan baffanninsa suka zo daga Buza da goro, suka gaida Baba. Baba ya aika aka yi bincike, aka ce gidan mutunci ne, manoma ne. Ya karɓi goro, ya ce in an cire amfanin gona a dawo a sa rana. Gwaggo ta fara tara mini kwanonin jere tana lissafa wa maƙwabta. Surukinta, in ji ta, ma'aikacin gwamnati ne.

Ana cikin haka aka yi shela cewa za a yanka sababbin hanyoyi a unguwa, miƙaƙƙu, masu faɗin da mota za ta wuce. Wanda hanya ta ci gidansa za a ba shi fili a sabuwar unguwa, can bayan gari. Kowa ya san wurin. Ba kowa can sai ƙaya da awaki.

Ranar da suka iso lungunmu ina rumfar Inna da zanen atamfata mai zanen ganye da kallabin nan a kaina. Mai gidansu Alƙasim, wani gajere mai tabarau, ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya ɗaga hannu. Alƙasim ya ja sarƙa. Ya buga turke a bakin bola, ya zagaya ya buga wani a ƙarshen katangarmu. Sannan ya buga na ɗaya gefen, suka bi jikin katangar Inna Biba ba su taɓa ta ba. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. In ka tsaya a turken farko ka hangi na biyu, zaurenmu gaba ɗaya yana cikin hanya.

Mai tabarau ya ce zai tafi Tawa, in ya dawo za a bi turaku a shafa jan fenti, bayan nan sai rusawa. Ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa turke, a kaso, wato kurkuku, zai kwana, kuma ba shi ba fili.

Baba yana zaune a kan tabarmarsa yana jan carbi. Alƙasim ya zo ya cire takalmi ya durƙusa.

“Baba, ku yi haƙuri. Aiko ni anka yi.”

“Na sani. Tashi ka bi aikinka.”

Abin da Baba ya faɗa ke nan. Da azahar aka kai masa tuwo, aka dawo da shi yadda aka kai.

Gwaggo ce ta yi magana a madadin kowa. Ina shiga gida ta jawo ni bayan rumbu, jikin katangar da ke kallon lungu, wai don kada a ji.

“Ke ɗiyag ga, kin ga abin da mijin naki ya yi muna?”

“Gwaggo, zomo ba ya hushi da makashinsa sai da maratayinsa? Shi sarƙa kawai yaka ja.”

“Rufe mini baki da karin magana! Wa ab buga turakun? Ba hannunshi ba ne? Hannun da ya buga shi ka iya tugewa. Ya matsa da su can kaɗan, taki nawa ne? Mai tabarau na Tawa, wa zai sani?”

“In an matsa da su can, ai gidan Inna Biba za ta ci.”

“Biba ita ɗaya ce! Tanda ce da ita, ko'ina ta aje ta sai ta yi suya. Mu hwa? Ubanki ya kai tabarmi cikin ƙaya ya sai da ma awaki? Zauren ga ubanmu ya gina shi da hannunshi. Ki hwaɗa mishi. In yana son ki, ga inda za mu gani. In ya ƙi, wallahi da kaina zan kwashe goronsu da tarkacensu in maida musu Buza.”

Masu karatu, kada ku yi saurin zagin Gwaggo. Abin da ta faɗa game da tabarmi gaskiya ne. Ni ma na san in zaure ya tafi, cinikin Baba ya tafi, Baba kuwa ya wuce shekarun fara wata sana'a. Na tsaya ina murza bakin kallabina, gaba kura baya sayaki.

Da la'asar Alƙasim ya zo. Bai tsaya a gefen zaure ba, can ya tsaya gindin bishiyar bedin masallaci kamar baƙo. Na saka mayafi na same shi. Ko wanka bai yi ba, ƙurar aiki tana nan a gashin girarsa. Na faɗa masa abin da Gwaggo ta ce, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya goge ƙurar girarsa da bayan hannu.

“Ana iyawa,” ya ce. “In an matsa da su duka a jere, da igiya, ba lalle mai gida ya lura ba. Ba ya sake awon inda ya riga ya auna.”

Na zaci zai ce ba ya yiwuwa, in huta.

“To za ka yi?”

“Ban taɓa yi ba. An sha ba ni goro don in yi, ban karɓa ba. Amma ke ba goro ba ce, Sauda. In kin ce in yi, zan yi. Sai dai ba saƙon Gwaggo nike son ji ba. Ke nike son ki hwaɗa da bakinki.”

Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Washegari na tsallaka rumfar Inna kamar kullum. Ta riga ta hura wuta, ƙamshin man gyaɗa ya cika lungu, direbobi biyu suna zaune a kan benci. Da suka tafi ta ce:

“Ɗiyata, ki ce ma Barmo kada ya damu da inda zai aje tabarminshi. Ga ɗakina na biyu nan ba kowa ciki. Ya zuba su, ya riƙa shimfiɗa kaɗan a bakin rumfata, masu cin masa su gani su saya. Ai ba a rasa yadda za a yi.”

Na dubi hannuwanta, duk tabon ƙunar mai, ina tunanin abin da aka aike ni in roƙa a kanta. Masa ta ƙone a gabana ban sani ba.

“Ke, hankalinki na ina?”

“Inna, in ɗan Buza ya zo, ki ce mishi na ce a'a.”

“A'a ga mi?”

“Ya san zancen.”

Ta dube ni, ta ce to. Da hantsi ta ba ni amsarsa: “Ya ce Allah shi yi miki albarka.”

Da na faɗa wa Gwaggo, gidan ya ɗauki wuta. Ta kira ni marar kishin gidan ubana. Ta ce nonon Biba ya fi jinin Barmo ƙarfi a jikina. Ta fito da ƙwaryar goron da ya rage da atamfar da suka kawo, ta dire a tsakar gida, ta ce ranar kasuwa in motar Buza ta zo za ta bi ta da su. Ta ce aure ya mutu tun ba a haife shi ba. Duk wannan da muryar nan tata. Baba yana zaure, bai shigo ba, bai ce uffan ba. Shirun nasa ya fi yi mini ciwo, don ban san wane gefe yake ba.

Haka muka yi kwanaki. Ba mai yi mini magana a gida sai in an ce ɗauko ko ajiye. Alƙasim ya daina zuwa zance don kada ya ƙara wa wuta mai. Baba ya fara ɗaure tabarmi dami-dami yana jerawa a tsakar gida, shi kaɗai, in na zo taya shi ya ce in bari.

Safiyar da aka ce mai tabarau zai dawo, ina shara sai na ji guɗa a ƙofar gida. Muryar Gwaggo ce. Na yar da tsintsiya na fita.

Turakun sun matsa. Na gefenmu sun fito daga jikin katangarmu sun koma tsakiyar lungu, na ɗaya gefen kuwa sun shige har sun raba gidan Inna Biba biyu. Mutane sun fara taruwa, tela ya bar kekensa, mai rediyo ya rage kiɗa. Gwaggo tana tsakiyarsu tana tafi.

“Surukina ya yi halin maza! Na ce ɗan halak ne! Ayyururui!”

“Gwaggo, don Allah ki yi shiru!” Na kama hannunta. Ina, bakin alƙalami ya bushe, kowa ya ji.

Ina juyawa na hango Alƙasim yana tahowa da sarƙa a kafaɗa. Na tare shi tun kafin ya iso, na manta da kunya, na manta da mutane.

“Ba na ce a'a ba? Ba ka sa mini albarka ba?”

Ya dubi turakun, ya dube ni. Fuskarsa ta canja.

“Wallahi, Sauda, hannuna bai taɓa su ba. Dube su mana. Wannan ya karkace, wancan ko rabi bai shiga ƙasa ba. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe igiyar awo ba.”

Ban samu na amsa ba motar mai tabarau ta tsaya a bakin lungu. Bai ko kafa na'urarsa ba. Kallo ɗaya ya yi wa layin, ya cire tabarau ya goge. Ya tambayi wa ya yi wannan. Idanu duka suka koma kan Alƙasim, wani kuma daga baya ya ce, “Ai ɗiyar gidan zai aura.” Mai tabarau ya karɓe sarƙar daga kafaɗarsa, ya ce ya shiga mota, za su yi magana a biro, wato ofishinsu, gaban jandarma. Alƙasim bai yi gardama ba. Da zai shiga ya waiwayo ya girgiza mini kai, wato ba shi ba ne.

Gwaggo ta daina tafi. Ta tsaya baki buɗe, a karo na farko a rayuwata na ga magana ta ƙare mata.

Sai a lokacin na lura rumfar Inna Biba ba hayaƙi. Benci a kife, tanda a sanyaye. Na shiga gidan da gudu, ina so in faɗa mata ba da yawuna aka yi ba. Na same ta a ɗaki tana naɗe tufafinta tana cusawa a buhu. Kwanoninta a haɗe, gadon kara a kwance. A bakin ƙofa ga taɓaryarta, kanta duk ya farfashe, jar ƙasa ta manne a jiki.

“Inna, mi kike yi?”

“Ina rage ma masu rusawa aiki.”

Ta miƙa hannu za ta ɗauki wani zane, na ga tafinta ya yi ƙulu-ƙulu, wani wurin ya fashe yana ruwa. Na kama hannun.

“Inna... ke ce?”

“To wa? Katangar nan ba ta da kauri, Fatsima kuwa ba ta iya raɗa ba. Tun ranar farko naj ji komai. Na ji an ce za a maida goro. Na tashi hura wuta ba kowa a lungu, sai nic ce bari in gwada. Ba su da wuyar tugewa, bugawar ce aiki.” Ta janye hannunta. “Ni ɗaya ce, ɗiyata, gaskiyar Fatsima. Ina da 'yar'uwa a Tabotaki, ba za ta hana ni ɗaki ba. Ke kuwa ki yi aurenki, Barmo ya zauna a zaurenshi.”

“Inna, an tahi da Alƙasim. An ce shi ne. Jandarma za a kira mishi.”

Zanen ya faɗi daga hannunta. Ta zauna a kan buhun.

“Ɗan Buza? Mi ya haɗa shi da... Innalillahi.” Ta miƙe. “Ɗauko mini mayafina. Biro ɗin nan a ina yake?”

“Kaso za su kai ki, Inna! Kin ji abin da mai tabarau ya ce.”

“To in bar ɗan mutane ya kwana can a kan abin da nay yi? Matsa mini.”

Na tsaya a bakin ƙofa na ƙi matsawa. In ta tafi, an rufe matar da ta shayar da ni. In ba ta tafi ba, an rufe wanda zan aura, an kore shi daga aiki, sunansa ya ɓaci har Buza. Ta tura ni, na riƙe ƙyauren, mu biyu muna kuka.

Sai muka ji gyaran murya a tsakar gida.

Baba ne. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, sandarsa a hannu. Gwaggo tana bayansa, kanta a ƙasa. Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Ya dubi hannuwan Inna Biba, ya dubi buhun, sannan ya sunkuya ya ɗauki taɓaryar ya saɓa a kafaɗa.

“Biba, koma ki hura wutarki, mutane na jiran masa.”

“Malam Barmo, ina za ka da taɓaryata?”

“Biro. Zaure nawa ne, kowa ya san wa ka cin ribar matsa turakun ga. In na ce ni ne, ba wanda zai yi musu.”

“Baba, ai ba kai ba ne!” na ce. Tun da nake ban taɓa jin ƙarya ta fito daga bakin mutumin nan ba, ko a cinikin tabarma.

Baba ya gyara taɓaryar a kafaɗa. Ya juya wajen Gwaggo ya ce, “Yaya, ki ɗauke goron mutane daga tsakar gida ki maida ɗaki.”

Sannan ya fita lungu, ya ratsa ta tsakiyar mutanen da suka taru, ya nufi gudoro.